Yadda Ake Kiwon Lafiyayyen Kifin Ci a Tsarin Akwafonik na Bayan Gida

A tsarin akwafonik, wato haɗa kiwon kifi da noman shuka, halittu uku ne ke cin ruwa ɗaya: kifi, shuka, da ƙwayoyin bakteriya waɗanda ido ba ya gani. Kifi ya ci abinci, sai ya fitar da amoniya, mafi yawanta ta kunnuwan da yake numfashi da su, saura kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Amoniya guba ce gare shi. Wani rukunin bakteriya, irin su Nitrosomonas, shi ke juya ta zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne. Daga nan rukuni na biyu, irin su Nitrobacter da Nitrospira, ya mayar da naitirayit ɗin naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi, shuka kuma taki ne a wurinta. Saiwoyi su zuƙe, ruwa ya koma wa kifi.

Akwai abin da ya kamata mai shirin farawa ya sa a ransa tun yanzu. A nan ba ka da damar zuba magani yadda mai kududdufin kifi zalla yake yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta zai kashe bakteriyar da ke tace maka ruwa, maganin ƙwarin shuka zai kashe kifi, gishiri mai yawa zai ƙona saiwa, kuma duk abin da ka zuba, a ƙarshe kai ne za ka ci shi. Saboda haka lafiyar kifin nan a ruwa take, kuma kusan duk matakan da ke ƙasa kula da ruwa ne.

Mataki na farko: wuri da tanki

Lita 1,000 ta ruwa nauyin tan ɗaya ce, don haka ƙasar da za a ɗora tanki dole ta zama shimfiɗaɗɗiya mai ƙarfi, wadda ba za ta lotsa ba in an yi ruwan sama. Shuka tana son rana ta awa shida zuwa sama, kifi kuwa inuwa yake so. Ka nemi wurin da kwamin shuka zai samu rana, tankin kifi kuma ya kasance a rufe. Rana in ta dinga dukan ruwan kai tsaye, gansakuka ce za ta cika shi, ta cinye takin shukar, da dare kuma ta shanye iskar da kifi ke buƙata.

Mai farawa kada ya yi ƙasa da lita 500, kuma lita 1,000 ta fi sauƙin sarrafawa. Mutane kan ɗauka ƙaramin tanki ya fi dacewa da ɗan koyo, alhali ruwa kaɗan shi ne yake saurin ɗaukar zafi, yake saurin hucewa, kuma kuskure ƙarami ya isa ya lalata shi cikin awoyi. Tankin roba mai kejin ƙarfe da ake kira IBC ya shahara a wannan aiki, amma ka tabbata abin ci aka taɓa zubawa a cikinsa. Wanda ya ɗauki fenti, mai, ko sinadarin da ba ka sani ba, rabu da shi komai wankin da aka yi masa, domin roba tana riƙe abin da ta sha. Haka kuma a guji bututun tagulla da kwano ko tankin ƙarfe mai rufin zinki. Tagulla da zinki suna narkewa a ruwa sannu a hankali, kuma dukansu suna kashe kifi.

A yi wa tankin murfi ko raga mai ƙarfi. Kifi yana tsalle, tsuntsu da kyanwa suna kai hari, kashin tsuntsu yana kawo cuta, kuma in akwai yara a gida, buɗaɗɗen tanki hatsari ne.

Mataki na biyu: kwamin tsakuwa

A ƙaramin tsari na gida, kwamin tsakuwa aiki uku yake yi a lokaci guda: yana riƙe shuka, yana tare dattin kifi, kuma jikin tsakuwar nan shi ne gidan bakteriya. Zurfinsa ya kai santimita 30. Girman tsakuwar ya kasance tsakanin milimita 8 zuwa 20. Wadda ta fi haka ƙanƙanta tana toshewa, iska ta kasa shiga, kwami ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsakuwar dutsen aman wuta da ƙwallayen gasasshen yumɓu sun fi kyau saboda ƙofofin da ke jikinsu, amma tsakuwar kogi ma tana yi in an wanke ta sosai.

Kafin ka saya, ɗebi ’yar kaɗan ka zuba mata ruwan binega. In ka ga tana kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai dinga ɗaga pH na ruwan, wato lambar da ke auna tsaminsa (tana sauka in tsami ya ƙaru, tana hawa in ya ragu), kuma ba za ka taɓa iya saukar da shi ba muddin tsakuwar na ciki.

Ga tankin lita 1,000, kwami uku masu faɗin kusan murabba’in mita ɗaya kowanne sun yi daidai. Ka tuna kowane ɗaya in ya cika da tsakuwar kogi da ruwa nauyinsa zai doshi rabin tan, don haka ƙafafunsa ba wurin tsumulmula ba ne.

Ana son ruwa ya cika kwami ya sauka, ya sake cika ya sauka, domin duk saukar da ya yi yana jawo sabuwar iska zuwa saiwoyi da bakteriya. Abin da ke yin wannan ba tare da wuta ba shi ne bututun zuƙa mai hula. Ana tsayar da siririn bututu, kamar na milimita 25, a cikin kwami, bakinsa ya tsaya santimita 5 ƙasa da saman tsakuwa. A kife masa wani mai faɗi, na milimita 75, rufaffe ta sama, da ’yan tsage-tsage a gindinsa. Sai a kewaye su da na uku mai huji-huji, na milimita 110, don kada tsakuwa ta shiga. Ruwa in ya kai bakin siririn bututun, ya fara zuba, ya kore iskar da ke cikin hular, sai zuƙa ta kama. Za ka ga ruwa na fita da ƙarfi, kwami ya tsiyaye cikin ’yan mintoci, sannan ka ji gurnani daga ƙasa lokacin da iska ta shiga ta tsagen gindi, zuƙar ta yanke. Wannan gurnanin in kunnenka ya saba da shi, ranar da ka daina jinsa za ka san akwai matsala tun kafin ka leƙa. In zuƙa ta ƙi kamawa, ruwan da ke shiga ya yi kaɗan. In ta ƙi yankewa, ya yi yawa. Da makunnin famfo ake daidaita su, kuma sai an yi haƙuri.

Santimita 5 ɗin saman nan a bar shi a bushe, shi ke hana gansakuka fitowa da ruɓewar gindin shuka.

Mataki na uku: ruwa da iska

Injin tura ruwa ya iya juya duk ruwan tankin kifi aƙalla sau ɗaya a awa. In za ka saya, kada ka tsaya ga lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, domin wannan ƙarfinsa ne in babu hawa. Duba abin da yake turawa a tsayin da ruwanka zai hau. Yana da kyau a sa tankin tara ruwa a ƙasan kwami, injin ya zauna a can, don kada ruwan kifi ya dinga hawa da sauka duk lokacin da kwami ya cika.

Ruwan famfo yakan zo da kulorin. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ana busa masa iska na kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin zai tashi. Wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, shi kuwa ba ya tashi da ajiya, sai da matatar gawayi. Ruwan sama yana da kyau, sai dai ba shi da ma’adanan da ke riƙe pH, don haka yana saurin yin tsami. Ruwan rijiya ko na burtsatse a gwada shi tukuna, wani yakan zo da gishiri ko farar ƙasa mai yawa.

Sai iska. Kifi yana buƙatar oksijin ya kai miligiram 5 a lita zuwa sama, bakteriya da saiwoyi su ma da ita suke aiki. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 na Salsiyos yana iya ɗaukar kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne iyakarsa, ga shi a lokacin ne kifi ya fi cin abinci ya fi buƙatar numfashi. Ka sa injin iska daban da na ruwa, da dutsen iska, wato ɗan dutse mai ƙofofi da ke fitar da iskar injin kumfa-kumfa, biyu ko uku a cikin tanki. A ganina, in kuɗi bai kai a sayi komai ba, gara a rage yawan kwami a sayi injin iska mai batir. Shuka za ta jure ɗaukewar wuta ta yini guda, amma tanki cike da manyan kifi a rana mai zafi awoyi kaɗan ne.

Mataki na huɗu: renon bakteriya kafin kifi ya zo

Nan ne aka fi yin asara, kuma dalilin gaggawa ce. An haɗa tanki, ruwa garau, injin na aiki, sai zuciya ta ce a zuba kifi. Amma tsakuwar nan sabuwa ce, babu mai tace amoniya a jikinta. Kifin da aka zuba a wannan hali cikin gubarsa yake iyo, kuma yawanci a mako na biyu ko na uku zai fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai shi yana zargin wanda ya sayar masa.

Abin yi shi ne a ciyar da bakteriya tukuna, babu kifi. Ka kunna injuna dare da rana. Ka zuba amoniya tsantsa, wadda babu sabulu ko turare a cikinta, kaɗan-kaɗan har gwaji ya nuna miligiram 1 zuwa 2 a lita. In babu ita, a daka ɗan abincin kifi a zuba ya ruɓe, shi ma zai ba da amoniya, sai dai ya fi jinkiri kuma ya fi wuyar aunawa. Kada a wuce haka, amoniya in ta yi yawa ita kanta tana danne bakteriyar da ake son renowa.

Bakteriyar ba sai an sayo ta ba, tana cikin iska da ruwa da ƙasa, za ta zo da kanta. In kana da wanda tsarinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, roƙi guga ɗaya na tsakuwarsa, ka kawo ta a jiƙe ka binne a cikin taka, za ta rage maka kwanaki.

Daga nan sai awo, duk bayan kwana biyu ko uku, da kayan gwajin ruwa na ɗigo masu auna pH, amoniya, naitirayit da naitiret. Ka rubuta abin da ka gani a littafi. Da farko amoniya ce kawai za ta nuna. Bayan mako ɗaya zuwa biyu ta fara sauka, naitirayit ya taso. Shi ne yake daɗewa, har mutum ya fara tunanin abin ya tsaya, domin rukuni na biyu ya fi na farko jinkirin yaɗuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Wata rana za ka ga naitirayit ya faɗo, naitiret ya bayyana. Gaba ɗaya abin kan ɗauki mako uku zuwa shida, ya fi sauri in ruwa na da ɗumi.

Gwajin ƙarshe: ka sake zuba amoniya zuwa miligiram 1 a lita. In bayan awa 24 amoniya da naitirayit duk sun koma kusan sifili, tsarin ya shirya. Shuka kuwa ba sai an jira ba, ana iya dasa latas, alayyafo ko ɗoɗɗoya tun cikin wannan lokaci. Masu ’ya’ya irin su tumatir, tattasai da kokwamba a bari sai tsarin ya yi ’yan watanni, lokacin da taki ya taru.

Mataki na biyar: wane kifi, kuma guda nawa

Zafin ruwanka shi zai zaɓa maka kifi, ba sha’awarka ba. Ka sa ma’aunin zafi a tanki tun lokacin renon bakteriya, ka duba da asuba da kuma la’asar.

Karfasa ita ce aka fi kiwo a wannan tsari a duniya. Tana jure cunkoso da ɗan lalacewar ruwa, ta fi girma a digiri 27 zuwa 30, tana rage ci sosai in ruwa ya sauka ƙasa da 20, kuma a kusan digiri 11 zuwa 12 mutuwa take yi. Aibinta haihuwa. Mace tana ɗaukar ƙwai a bakinta, ba ta cin abinci a lokacin, ba ta girma, kuma kafin ka ankara tanki ya cika da ƙanana masu cin abinci ba sa kai girman ci. Don haka a nemi maza zalla. Wasu ƙasashe ma sun hana kiwonta ba da izini ba, saboda yadda take mamaye koguna in ta kuɓuce, sai a bincika dokar wurin da ake.

Tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, wannan ya sa ta fi kowa tsira in wuta ta ɗauke, kuma tana saurin girma a ruwa mai ɗumi. Amma dattinta da yawa, abincinta yana buƙatar furotin mai yawa, kuma babba yana haɗiye ƙarami. In za ka kiwata ta, sai ka dinga ware su bisa girma. Inda ruwa ke da sanyi ƙwarai, kifin tirawut ne ke yi, tsakanin digiri 10 zuwa 18, shi kuma ba ya yafe ƙarancin iska ko kaɗan, ba na ɗan koyo ba ne.

Batun yawa kuwa daga abinci ake lissafa shi, ba daga faɗin tanki ba, domin abincin da ya shiga shi ne amoniyar da za ta fito. Wannan ma’auni ya samo tushe daga aikin da James Rakocy da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna yi a Jami’ar Tsibiran Virgin, inda suka tsayar da giram 60 zuwa 100 na abinci a rana ga kowane murabba’in mita na shuka a babban tsarinsu na kasuwanci. Ga ƙananan tsare-tsare, jagorar da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2014 ta ba da giram 40 zuwa 50 ga ganyaye, 50 zuwa 80 ga masu ’ya’ya, da kuma kilo 10 zuwa 20 na kifi a lita 1,000.

Mu kwatanta da kwami ukun nan. Murabba’in mita 3 na ganyaye zai ɗauki giram 120 zuwa 150 na abinci a rana. Kifin da ya tasa yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, ke nan kusan kilo 10 na kifi ne zai cinye wannan adadi. In kana son girbe su a rabin kilo kowanne, kifi 20 ne, in ka matsa 30. Lambar za ta yi wa mai farawa kaɗan, musamman in ya ga ’ya’yan kifi 20 masu tsawon yatsa suna yawo a tankin lita 1,000 kamar babu komai a ciki. Amma nauyin ranar girbi ake lissafawa. Wanda ya zuba 100 don tanki ya yi kyan gani, a wata na huɗu zai gane.

Mataki na shida: shigo da kifi

Ka saya daga maƙyanƙyasar da aka sani, ka je ka gani da idonka. Lafiyayyun ’ya’yan kifi girmansu ɗaya, suna gudu in inuwarka ta faɗa kansu, suna ruguguwar abinci, fiffikensu a buɗe, babu rauni ko farin tabo a jiki. In ka ga matattu a tankin mai sayarwa, juya. Masu giram 30 zuwa 50 sun fi jure wahala, kuma karfasa mai giram 50 tana kai rabin kilo a kusan wata shida in zafi da abinci sun yi daidai. Kifin kogi kada a kawo shi, yana zuwa da ƙwari a jiki.

In ka iso gida, ka ajiye ledar a rufe a saman ruwan tanki na minti 20 zuwa 30 don zafinsu ya zo ɗaya. Sannan ka buɗe, ka dinga zuba ruwan tanki a ciki kofi-kofi na wani rabin awa, don su saba da pH ɗinka. Sai ka kwashe su da ƙaramar raga ka saka, ruwan ledar kuma ka zubar a waje. Ranar farko babu abinci. Nan gaba duk kifin da za a ƙara, ya yi mako biyu zuwa uku a wani mazubi daban kafin ya haɗu da na gida.

Mataki na bakwai: ciyarwa

Abinci mai yawo a saman ruwa ya fi, domin kana ganin wanda ya ci da wanda ya ƙi. Karfasa mai tasowa tana son furotin kashi 28 zuwa 32 cikin ɗari, ƙanana da tarwada kuwa kusan 40. Girman ƙwayar ya dace da bakinsu. Ƙanana a ba su sau uku ko huɗu a rana, manya sau biyu.

Ka zuba kaɗan, ka tsaya ka gani, ka ƙara. Abin da ya rage yana yawo bayan minti 15 zuwa 20, ka kwashe, gobe ka rage. Tsayuwar nan ita ce duba lafiyarsu ta kullum, kuma ƙin cin abinci shi ne alamar farko ta kusan kowace matsala. Ranar da suka ƙi ci, kada ka ƙara, ɗauko kayan gwaji. Kifi yana kwanaki babu abinci bai mutu ba, yawan abinci ne ke kashe shi.

A ajiye buhun a wuri busasshe mai sanyi, a rufe, a sayi abin da zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ya yi fumfuna a zubar, gubar fumfuna tana lalata hantar kifi. Kashin kaji ko na dabbobi kuma ba shi da wuri a wannan ruwa, domin shi ne ruwan da ke ratsa ganyen da za a ci ɗanye.

Mataki na takwas: awo da gyara

Kullum: a duba injuna, zafin ruwa, da halin kifi. Duk mako: a gwada ruwa. Amoniya da naitirayit su kasance ƙasa da miligiram 1 a lita, in son samu ne sifili. Naitiret tsakanin miligiram 5 zuwa 150 a lita. In ya haura, a ƙara shuka ko a rage abinci. Ruwan da ya ragu saboda tururi da shan shuka, kusan kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a rana, a cike shi da wanda aka cire wa kulorin.

pH kuwa sulhu ake yi. Shuka ta fi son 6 zuwa 6.5, bakteriya ta fi son sama da 7, don haka ake tsayawa tsakanin 6 da 7. Akwai wani dalilin kuma: duk hawan pH da lamba ɗaya, kason amoniyar da ke da guba yana ninkuwa kusan sau goma. Amoniyar da kifi zai jure a pH 7 tana iya kayar da shi a pH 8. Aikin bakteriya da kansa yana sa ruwa tsami, saboda haka a tsarin da ya kafu pH sauka yake yi a hankali, kuma in ya faɗi ƙasa da 6 bakteriya ta rage aiki, amoniya ta taru. Hanya mai sauƙi ita ce a daka ɓawon ƙwai ko na kodi a ɗaure a ’yar jakar raga a rataya a tankin tara ruwa, in pH ya kai 7 a cire. Ana kuma amfani da fotashiyam baikabonet, wanda ke ƙara wa shuka fotashiyam. Ko wanne ne, kaɗan-kaɗan, pH ya hau da kamar 0.2 a rana. Canjin gaggawa ya fi lambar da ba daidai ba cutar da kifi.

In sababbin ganye suka yi rawaya jijiyoyinsu na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, abincin kifi ba ya wadatar da shi. A zuba na shuka mai narkewa, kusan miligiram 2 a lita, duk bayan mako uku zuwa huɗu. Wannan ba ya cutar da kifi.

Idan kifi ya canza hali

Ka fito da asuba ka tarar da karfasa jere a saman ruwa, bakuna suna buɗewa suna rufewa, wasu sun taru a inda ruwa ke zubowa. Ƙarancin iska ne, kuma asuba ce lokacinsa. Ka ƙara iska nan take, ka duba ko dutsen iska ya toshe, ka dakatar da abinci. In iska na nan lafiya amma suna haki, kama ɗaya da jiƙaƙƙen hannu ka ɗaga murfin kunnensa. Lafiyayyen kunne ja ne wur. In ya koma ruwan ƙasa, naitirayit ne ya shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Sai a canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a daina ciyarwa har gwaji ya gyaru, kuma ana iya sa gishiri zalla giram 1 a lita, yana rage shigar naitirayit jikin kifi. Kada a wuce haka a babban tsari, kuma a tuna gishiri ba ya fita sai da canjin ruwa.

Kifin da ke goga jikinsa da bango, ko ya fito da ƙananan fararen ɗige-ɗige, ƙwari ne a fatarsa. Mai farin abu kamar auduga a kan rauni, fumfuna ce. A cire shi zuwa wani mazubi mai iska, can ake yi masa wankan gishiri: giram 10 a lita na minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kansa, in ya fara kifewa ka fitar da shi. Tarwada ba ta jure gishiri kamar karfasa, a sassauta mata. Matacce a cire shi da zarar an gani. In mutuwa ta ci gaba alhali ruwa na daidai, a nemi likitan dabbobi ko masanin kifi, kuma duk maganin da ya bayar a waje za a yi shi, a kiyaye kwanakin da ya ce a jira kafin a ci kifin.

Kai ma ka kula da kanka. Wasu ƙwayoyin cutar kifi suna shiga ta yankan hannu, ƙayar karfasa da ta tarwada kuma suna suka. A sa safar hannu, a wanke hannu bayan aiki.

Mataki na ƙarshe: girbi

Kada a kwashe kifi gaba ɗaya rana guda. In tanki ya zama wayam, shuka ta rasa taki, bakteriya ta rasa abinci, sai an koma baya. A dinga ɗaukar manya uku ko huɗu a lokaci, waɗanda suka rage su samu sarari su ƙara girma, sababbin ’ya’ya kuma suna mazubin keɓewa suna jira. In bambancin girma ya yi yawa, musamman ga tarwada, a raba su da keji a cikin tanki.

Wani lokaci naman kifi kan yi warin laka. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin da wasu ƙwayoyi ke samarwa a ruwa, yana taruwa a kitsen kifi. Ba ya cutarwa, amma yana ɓata ɗanɗano. A ware waɗanda za a ci a ruwa mai tsabta da iska na kwana uku zuwa biyar babu abinci, ana canza ruwan kullum. Ko babu wari, a hana su abinci na kwana ɗaya zuwa biyu don hanji ya zama fanko, gyara ya yi tsabta.

A kama da raga cikin natsuwa, kada a yi ta kora, kifin da ya wahala kafin mutuwa namansa yana saurin lalacewa. A buge shi da ƙarfi sau ɗaya a ka, a bayan idanu, a yanke kunnuwa jini ya tsiyaye, a fede a cire kayan ciki ba tare da fasa matsarmama ba, a wanke da ruwa mai tsabta, a sa a ƙanƙara nan da nan in ba yanzu za a dafa ba. Duk wannan a yi shi nesa da tanki da kwami, ruwan wankin kada ya koma cikin tsarin. Wajen dafuwa, tsakiyar naman ya kai digiri 63, ya yi fari yana rabuwa da cokali. Sannan a auna nauyin abin da aka cire, a rage abincin gobe daidai da kifin da ya rage a tanki.